Taku Ɗari Daga Ƙofar Lakwal

Matso nan kusa, ɗan'uwa, ja tabarmar cikin inuwa, in ba ka labarin sandar nan da kake ta kallo a bangon zaure. Kowa ya shigo sai ya tambaya. Ba ta da kai, ba ta da ado, ba a kora akuya da ita. To ita ce tsarabar da na kawo daga Badun, tafiyata ta fari kuma ta ƙarshe.

Ni a Korgom Nagida ake ce mini, kuma ban taɓa jin haushin sunan ba. Kasuwar Tasawa ma sai in shekara ban leƙa ba. A ba ni inuwa da abokin hira, an gama da ni. Amma shekarar nan da gero ya tsaya iyakar gwiwa ya bushe ba ta bar kowa zaune ba. Muka cinye na rumbu, muka ci dusa, muka ci 'ya'yan anza na daji masu ɗaci. Ranar da muka kwance damin iri muka sussuka, ni da matata Hajo ba wanda ya dubi idon wani.

Abu ɗaya ya tsira, 'yar tabar da Hajo ta dasa a bakin rijiyar fadama. Da guga take ba ta ruwa safe da maraice, har tafin hannunta ya tsattsage. Ta shanya, ta daka da kanwa, ta cika buhu guda. Wani da ya saba cin rani a kudu ya ce mana tsofaffin Hausawan Badun da direbobin manyan motoci, in suka ji ƙamshin tabar arewa ba sa tsayawa ciniki. Hajo ta ɗaure bakin buhun da kanta ta ce, "Malam, ni ba atamfa nake so ba. Iri za ka kawo, kafin ruwan fari."

Lokacin soja ke mulki nan, soja ke mulki can, kuma an rufe iyaka. Yadda muka ratsa ta cikin gonaki ba zan ɓata maka lokaci da shi ba. A tashar Kano wani mai fara'a ya karɓi kuɗin motata, ya rantse mini ya samo mini wuri kusa da direba. Da motar ta zo, ashe ta shanu ce, wurin nawa kuma katako ne a can bisa. Kwana biyu ina kai, ƙahoni a ƙarƙashina, buhu rungume a ƙirjina kamar jinjiri.

A gadar Jabba na ga ruwan da ban taɓa ganin irinsa ba. Yana ta wucewa, ba mai tare shi, ba mai ko kallonsa. A ƙarshen gadar sojoji suka tsayar da mu. Wani mai tsage a kumatu ya hau, ya caka wuƙar bindigarsa a buhuna, ya sunsuna, ya yi atishawa uku a jere har hularsa ta karkace. 'Yan'uwansa suka yi ta dariya. Ni kuwa na riga na sallama. Sai na ji ya ce da Hausa, "Ta ina ce wannan?"

Na ce, "Ta Korgom, ranka ya daɗe."

Ya ɗiba da yatsa biyu ya cusa a leɓe, ya lumshe ido. Ya ce, "Irin ta kakata." Ya dira ya ɗaga mana hannu. Da hulata na toshe hudar har muka isa.

A Badun na sauka Sabo, unguwar Hausawa, gidan wani Alhaji Mamman mai saukar da fataken shanu. Ya ba ni kusurwa a zaure, bai tambaye ni komai ba sai lafiyar mutanen gida. Washegari wani ɗan kamasho, Sale sunansa, ya ja ni har gindin wata bishiya mai faɗin ganye daura da ƙofar lakwal, makarantar boko ke nan. Ga inuwa, ga mutane na wucewa, har da ɗan tebur a jingine. Ya ce tiya biyu ta taba zan ba shi, wuri ya zama nawa. Na auna masa har da gyara. Da ina da wayo da na tambayi kaina, a garin da mutane ke kasa kaya kamar za su hau kan juna, me ya bar inuwa irin wannan ba kowa?

Na ƙulla tabata a 'yan takardu, na sayo sigari kaɗan ina sayarwa kara-kara, na rataye igiya mai cin wuta a ƙafar tebur don mai son kunnawa, yadda ake yi a gida. Kwana uku ina ciniki ina hira. Har na fara jin kamar tafiya ba wani abu ba ce.

Rana ta huɗu da safe wata Bayarabiya ta zo ta kafa kaskon ƙosai can gefe. Ashe wurinta ne, biki ta je. Tana ta Yarbanci da masu saye, sai mai ya fallatsar mata a hannu, na ji ta ce, "Wash! Wanga mai zai kashe ni!" Na miƙe tsaye. Tun daga Kano "wannan" nake ji, ba wanda ya ce mini "wanga". Na ce, "Iya, ina kika samo Hausar gidanmu?"

Ta juyo ta dube ni sama da ƙasa. "Kai ɗan ina ne?"

"Korgom, ƙasar Tasawa."

Ta dafa ƙirji. Ubanta ya yi kanti a Tasawa, can aka haife ta, can ta girma har aure ya dawo da ita. Ta fara tambayata tsamiyar bakin kasuwa ko tana nan, sai idonta ya faɗa kan teburina. Fara'ar ta ɗauke. "Wa ya zaunar da kai nan da taba?"

Ban kai ga ba ta amsa ba mota ta tsaya. Duba-gari ne ya fito, dogo kamar giginya, cikin kaki, da takalma masu nauyi, sojoji biyu da bulala a bayansa. Ya yi magana, Iya ta mayar mini da Hausa. Soja sun kafa doka, ba a sayar da taba sai an ba da taku ɗari daga ƙofar lakwal, da masallaci, da coci, da gidan likita, da gidan esansi, wato gidan mai. Ya je ya kafa diddige a ƙofar lakwal ya tako zuwa gare ni. Ko ashirin bai cika ba. Sojojin suka ɗauki tebur da abin da ke kai suka jefa a mota. Na waiwaya in ga buhuna, ban gan shi ba. Sai da suka tafi Iya ta tashi daga inda take zaune, ta gyara zani. A kansa ta zauna.

Sale kuwa ban sake sa shi a ido ba.

Na ce to, ɗari ce ai, ba dubu ba. Ban yi lakwal ba amma ina da carbi, kuma kowa ya san in carbi ya ƙare ka ƙara ɗaya ɗari ta cika. Na kafa diddige a ƙofar kamar yadda na ga ya yi, ina taku ina ja, har carbi ya ƙare, na ƙara ɗaya, na ƙara biyu don albarka. Nan na aje kwali na kasa kayana, raina kwance.

Bayan kwana biyu ya dawo. Yana takowa ina jan carbi a aljihu. Ya iso kaina saura kashi ɗaya cur cikin ukun carbin. Na ce, "Iya, gaya wa Oga wallahi ni ma ɗari na ƙirga." Ya ce in nuna masa. Na koma ƙofar na tako. Ban yi nisa ba titin ya ɗauki dariya. Iya har tana share hawaye da gefen ɗankwali. "Ɗan Tasawa! Shuka kake yi a kan kwalta?"

Na dubi ƙafafuna. Wallahi gaskiyarta. Gajeren takun nan ne na gona, wanda kake sara rami da sungumi a kowane ɗaya, mata na binka suna zuba iri suna rufewa da diddige. Har hannuna na dama yana lilo kamar yana riƙe da ƙota. Tun ina yaro da shi nake auna komai, ban san akwai wani taku a duniya ba. Duba-garin shi kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon ƙafafuna, sannan ya ce takun doka nasa ne, in tattara in yi gaba.

Daga nan na shiga yawo, ni Nagida. Na matsa daga lakwal, sai ga ni kusa da masallaci. Ladan ya zo da kansa, cikin mutunci, ya ce kada in jawo musu soja. Na matsa daga masallaci, na samu wani lungu mai kyau na rataye igiyata tana hayaƙi. Ban lura da abin da ke bayan katangar ba. Sai ga wani ƙato a guje da bokitin yashi yana ihu, ya juye shi a kan igiyar, da kayan, da ni. Ashe gidan esansi ne, ana cikin juye mai daga tanka. Na kaɗe yashi daga gemuna na tattara kayana. Ranar na yarda wanda ya kafa dokar nan ba mahaukaci ba ne. Sai dai bai san akwai Hajo ba.

Sai ruwa ya sauko. A watan da a gida ko gajimare ba ka gani, can sama ta buɗe kamar an kifar da randa. Mutane suna gudu suna zagi, ni ina tsaye a ciki. Na ga yana bin kwata yana tafiya a banza, ruwan da zai ishi gonata da ta maƙwabta. Da rana in na ji daka daga wani gida sai zuciyata ta yi tsalle, sai kunnena ya gaya mini sakwara ce, ba gero ba. Dakan sakwara luɓus yake, ba ya ƙara irin ta turmin Hajo.

Bayan kwana uku ana ruwa na kwance buhu, sai na ji ƙamshin ya canja. Na zura hannu, saman duk ya yi funfuna fari fat. A gida taba sai ta shekara biyu a rumbu ba abin da ya same ta. Ba wanda ya gaya mini can iskar ma jiƙaƙƙiya ce. Alhaji Mamman ya leƙo ya girgiza kai. "Ai garin nan, malam, ko takalmi ka aje sai ya yi gemu." Na kwashe wadda ta lalace na zubar a bayan gida, ina tuna hannun Hajo. Iya ta ba ni murfin gwangwani, ina baza sauran kusa da wutar ƙosanta kaɗan-kaɗan. Ta bushe, amma kullum da safe sai na sake tsintar fari a ciki. Ba wurin zama, ba ciniki, buhu na ta raguwa ba tare da na sayar ba.

Wata safiya duba-garin ya ratsa ta bayan kasuwa inda babu kwalta, bayan an ɗauke ruwa. Da ya wuce na ga sawun takalmansa a taɓo, ɗaya bayan ɗaya, kamar an buga hatimi. Na durƙusa. Na samo reshe na auna daga diddige zuwa diddige na yanke. Ita ce waccan da kake gani. Na roƙi igiyar rama wajen fataken shanu, na zauna a zaure inda ba laima, na auna sanda goma na ƙulla.

Kwana biyu ina jan igiyar nan a cikin taɓo, daga lakwal, daga masallaci, daga coci, daga gidan esansi, kowanne shimfiɗa goma, ina sa dutse. Mutane suka ɗauka gwamnati ce za ta fitar da sabuwar hanya. Wata tsohuwa har ta kawo mini ruwa a kofi tana roƙona da hannu biyu kada a rushe mata rumfa. Iya ta ce, "Ka karɓa ka sha, ka zama babban mutum."

A duk unguwar wuri ɗaya ya fita, ɗaya tak. Kan wata 'yar gada ce ta siminti bisa babbar kwata, faɗinsa bai fi buzun salla ba. Warin da ke tashi daga ƙasa sai ka ce mushe. In ka matsa gabas ka shiga na lakwal, in ka matsa yamma ka shiga na esansi. Na aje kwalina na zauna. Allah da ikonsa, hanyar direbobi ce zuwa tasha. Wani ya ɗanɗana ya gaya wa wani. Kwana biyu hannuna bai huta da ƙulli ba.

Rana ta uku ya zo, da soja ɗaya. Ya dube ni, ya dubi kwatar, ya toshe hanci. Ya fara daga gidan esansi, ya fita. Daga masallaci, ya fita. Daga coci, har da ragi. Rana ta take, kakinsa ya jiƙe sharkaf. Mutane suka taru, Iya ta bar kaskonta ta zo da matsami a hannu. Saura lakwal.

Ban ma ɗaga kai ba. Kunnena ya riga ya san takalman nan, ƙwas, ƙwas, a kan kwalta, ina jan carbi da kowane ɗaya. Kashi ɗaya ya wuce. Kashi biyu ya wuce. Da na kai casa'in sai na ji ƙarar ta yi kusa da yawa. Na ɗaga ido. Abin da ya rage tsakaninmu ba zai kai taku goma ba. Bakwai ne, in an yi sa'a.

Na dubi igiyar da ke naɗe a gefena, jiƙaƙƙiya, ta ɗame kamar jijiya. Ɗan'uwa, ba yaron da ke jan ruwa a Korgom da bai san igiyar rama in ta sha ruwa tana takurewa ba. A bushe na auna ta, a jiƙe na yi aiki da ita. Ta sauran ɓangarorin ragin da na bari ya rufa mini asiri, ta nan kuwa ban bar komai ba. Ni da nake jan guga tun ban kai bakin rijiya tsawo ba, na manta. In ya tashe ni daga nan ba sauran wuri, kuma tabar da ta rage ba za ta ƙara mako ba. Na ga Hajo tsaye a gona, ƙasa ta jiƙe, hannunta wayam.

Shi ma ya tsaya a casa'in. Ya dubi igiyar da ƙullinta, ya dubi sandar, ya dube ni. Ya ciro hankici ya share wuya, ya ninke shi a hankali ya mayar. Sannan ya ci gaba.

Mutanen da ke wurin ba su ga komai ba, ina jin ko sojan bai lura ba. Ni kunnena ya ji. Ƙarar ta canja. Ƙwas ɗin nan mai nisa ya koma gajere, gajere, a natse, kamar mai sara rami. Takun shuka ne, nawa, wanda titi ya yi wa dariya. Carbi ya ƙare a hannuna. Ya ƙara ɗaya, bakin takalminsa ya taɓa kwalina. Ya faɗi kalma guda ga sojan, ba sai Iya ta mayar mini ba: ɗari.

Na ɗauko ƙulli mafi girma na miƙa masa. Ya daka mini tsawa da Yarbanci har na zabura, ya juya ya tafi da dogon takunsa. Na ce, "Iya, me ya ce?"

"Ya ce shi ba ya cin hanci, kuma tabarka kashe mutane take yi, kuma kwatarka na wari." Ta buga mini matsami a kafaɗa. "Zauna ka yi ciniki, sakarai."

Cikin 'yan kwanaki na karkaɗe buhu. Abin da na sayar duka bai wuce rabinsa ba. Ranar tafiya Iya ta ƙulla mini ƙosai a ganye ta ce in na bi ta Tasawa in tsaya gindin tsamiyar nan in ce ɗiyar mai kanti na gaishe ta. Na yi mata alkawari, kuma na cika, ko da yake sai bayan shekara biyu.

Ban sayi iri a kudu ba, geronsu bai san ƙasarmu ba. A kasuwar Daura na saya, kuma ya yi tsada yadda ba ka zato. Na iso gida na tarar an yi ruwan fari, ƙasa da sauran laima. Hajo ta karɓi ƙunshin ta jinjina shi a hannu. Ba ta yi ƙorafi ba. Ta ce, "Rabin gona, Malam. Alhamdu lillahi."

Da safe na ɗauki sungumi, na ɗauki sandar nan. Na aje ta a bakin gona na dubi tsawonta, na buɗe ƙafa na sara, na sake buɗewa na sara. Maƙwabta suka bar aikinsu. "Jama'a, ku zo ku gani, Nagida ya koyo faretin soja!" Hajo na bayana da ƙwaryar iri tana haki. "Malam, wai tsalle kake so in yi?" Na ce ki dai biyo ni. Cinyoyina sun yi kwana uku suna ciwo, amma ƙwayar ƙarshe a ramin ƙarshe ta faɗa, jikin gambar da ke iyakar gona. Geron da ya samu fili ya yi gindi ya baje. Ba mu yi arziki ba, amma mun ci, kuma da kaka na rataye damin iri da hannuna.

Har yau ban san sunan mutumin nan ba. Shi ya jefa teburina a mota, shi ya yi ta korata har rabin wahalar Hajo ta ruɓe a hannuna, shi ne kuma ya ba ni taku uku da ba nawa ba. Hajo ta ce ita ba ta yafe masa rabin buhunta ba. Ni kuwa in na idar da salla na ja carbi ya ƙare, sai in ji saura ɗaya, in ƙara masa. Kai da ka ji labarin tun daga fari, gaya mini tsakani da Allah, ni da ita wa ya fi gaskiya?